Wa Zai Tura Motar Baba Idi

"Lafiya ƙalau. Ya iyali, ya kasuwa, ya kuma gajiyar sata?"

Zakariyya ya yi wannan gaisuwa ne yana tsaye a bakin ƙofar gidan Tijjani da ke Abakpa, da hantsin ranar Asabar. Jan akwatin ƙarfe ne a hannunsa, takalminsa kuwa duk lakar Rigachikun. Tijjani na zaune kan kujerar roba a tsakar gida, ya baje babbar riga kamar mai jiran 'yan ɗaurin aure. A bayansa akwai wani abu dogo da aka lulluɓe da tamfol, sababbin tayoyi huɗu na leƙowa ta ƙasa.

Taubasai ne. Uban Tijjani da uwar Zakariyya ciki ɗaya suka fito, 'ya'yan marigayi Baba Idi mai a-kori-kura. Tun suna tsallaken kwata a Hayin Banki Tijjani ke kiran kansa ubangida, tunda shi ɗan namiji ne, Zakariyya kuma ɗan mace, wato bawa. Yanzu kowannensu ya ba hamsin baya, ɗaya na sayar da yadi, ɗaya na koyar da lissafi, amma ba abin da ya sauya. Abin da ya ƙaru kawai shi ne Majalisar Tsatsa, wata 'yar ƙungiya ta masu son tsofaffin ƙarafa da ke zama duk Lahadi bayan La'asar a gindin wani mangwaro wajen Kawo, kowa ya kawo abin da ya saya a yaba, ko a kushe. Dokarsu ɗaya ce: abin da ka kawo, da hannunka za ka gyara shi. Wanda ya kai wa bakanike, ya bar abinsa a gida.

Mako uku da suka wuce Zakariyya ya gano motar kakansu a bayan gidan wani manomi a Rigachikun, an ɗora ta kan duwatsu, kaji na ƙwai a cikinta. Bai yi ciniki ba. Ya ce bari ya fara haɗa kayan gyara tukuna. Yau da safe ya koma da shirinsa cif, ya tarar da wayam.

"Sata kuma?" in ji Tijjani, bai ko motsa ba. "Wa aka yi wa, in je jaje? Shigo mana, bawa. Watan Cika-ciki da saura, ka zo shara tun yanzu? Tsintsiya na bayan ƙofa."

"Daga Rigachikun nake."

"Na gani a ƙafarka. Kada ka taka min siminti."

"Na tarar da duwatsu huɗu, da kaji suna zagaye suna neman gidansu."

"Allah sarki, kaji."

"Mai gidan ya ce wani mutum ne ya zo da janwe kwana tara da suka wuce. Na ce ya kamanninsa? Ya ce cikinsa ya riga shi shigowa da kamar minti biyu."

"Masu rufin asiri suna da yawa a Kaduna."

"Ya ce mutumin ya yi ta cewa motar kakansa ce, har da share hawaye."

"Hayaƙin janwe ne ya shiga idona."

"To, ka amsa ke nan."

"Me na amsa? Na ga kayan gidanmu a waje na dawo da su gida. Motar uban ubana ce. Kai uban uwarka ne, ka ji bambancin? Ku 'ya'yan mata, in an ba ku ruwan sanyi a gidan ma ku gode."

Zakariyya ya ajiye akwatin a hankali. Ya ce, "Mutum ɗaya tak na gaya wa a duniyar nan."

"Ka gaya wa Gwaggo Kulu, sannan ka ce mutum ɗaya? Goro fari na kai mata, da ɗan turare. Ko tambayarta ban yi ba. Ta ce, ɗan yayana, ka ji bawanka ya gano motar Baba, yana can yana tara ƙarafa."

"Inna ba za ta ce min bawa ba."

"Yaron nan ta ce. Ni na gyara mata."

"Uwata ta sayar da ni a kan goro."

"Fari ne fa, manya. Da ja na kai da ba ta faɗi unguwar ba." Tijjani ya nuna akwatin da leɓe. "Wannan ne? Buɗe mu gani. Mako uku kana cika mana waya da hotuna. Yau sifana lamba takwas, gobe filaya, jibi jak. Mustapha mai tsofaffin rediyo har ya tambaye ni ko gareji za ka buɗe in ka yi ritaya. Ni kuwa na ce a raina, wannan mutumin mota ya gani. Wa ke sayen sifana kafin mota, in ba malamin lissafi ba? Sai ya jera komai a layi, ya ja musu layi biyu a ƙasa, kafin ya ɗago an tashi daga makaranta."

"Wa ke sayen bindigar iska ya harbi tankin ruwansa, in ba mai yadi ba?"

"Gwangwani na auna."

"Gwangwanin yana gabas, tankin yana arewa."

"Iska ce ta kaɗa ƙwayar."

"Aishatu kwana uku tana sayen ruwa wurin 'yan garuwa."

Daga tagar kicin muryar matar Tijjani ta fito, a natse. "Kwana biyar ne, Malam. Sannu da zuwa."

"Ba da ke ake ba," in ji Tijjani. Ya miƙe da ƙyar, ya kama gefen tamfol ɗin, ya tsaya kamar gwamna zai buɗe asibiti. "Ka tsaya da kyau, kada ka faɗi. Kuma ba a taɓawa."

Ya yaye.

Ita ce. Koren fentin ya koɗe ya koma kalar ruwan kuka, fitila ɗaya ta makance, amma rubutun da Baba Idi ya sa aka yi a ƙofar baya yana nan: Allah Ya Kai Mu. A ƙasan rubutun akwai wurare biyu da fenti ya goge har ƙarfe ya fito fari, kowanne kamar faɗin tafin hannu. Zakariyya ya san su. Motar ba ta taɓa tashi da makulli ba tun da ya yi wayo, sai an tura, kuma shekara shida shi ke turawa kullum da safe. In ta tashi ya bi ta da gudu ya ɗane baya, ya zauna kan buhunan masara. Tijjani kuwa yana gaba kusa da Baba Idi, da 'yar hularsa, yana leƙo shi ta gilashi yana masa gwalo. Har aka sayar da motar Zakariyya bai taɓa sa ɗuwawunsa a kujerar gaba ba. Abin da ya kai shi kasuwar kayan gyara ta Panteka sau bakwai cikin mako uku ke nan, ba son sifana ba.

Ya kau da kai daga kallon kujerar.

"Ta tsufa," in ji shi.

"Kishi."

"Fentin ma ya lalace."

"Kishi ne, bawa. Ga shi nan yana fita ta kunnenka. Gobe bayan La'asar da ita zan shiga Majalisa. Na riga na gaya musu in zo da abin da zai sa Nazifi ya mayar da tsohon babur ɗinsa ɗaki. Kai ma ban manta da kai ba." Ya bubbuga bayan motar. "Na sa an share maka wurinka. In kana so in sa maka buhu, don ka ji kamar da."

Zakariyya ya zagaya motar. Shi mutum ne mai kallo kafin magana, kuma yanzu ya fara kallo. Babbar rigar Tijjani fara ce tas, amma farcensa goma baƙi ne ƙirin. Akwai filasta a babban yatsansa. Ga sabon batir, ga galan biyu na mai a jingine. Bangon da salansar motar ke kallo kuwa fari ne sol, ko ɗigon hayaƙi babu.

"Tayar da ita in ji muryarta," in ji Zakariyya.

"Tana hutawa."

"Shekara goma sha bakwai tana hutawa."

"Ba a tashin babba da hantsi."

"Mene ne wannan a yatsanka?"

"Almakashi ne, a shago."

"Almakashin naka da baƙin mai ake wasa shi?"

Aishatu ta fito da ruwa a faranti, ta ajiye a gaban baƙo, ta ce ba tare da ta kalli mijinta ba, "Malam, don Allah ka taimake mu. Maƙwabta sun tura ta sau bakwai, ko tari ba ta yi ba. Yanzu in sun hango shi sai su shige gida."

"Aishatu, ki duba girkinki."

"Na sauke."

Zakariyya ya jawo akwatinsa ya zauna a kai, ya ɗauki ruwan ya sha a hankali. Rabon da ruwa ya yi masa daɗi haka ya manta.

"Faɗa min abin da ka yi mata, ranka ya daɗe."

"Ba abin da ban yi ba. Batir sabo. Fulogi sababbi. Na juye baƙin mai na zuba sabo. Na zuƙe tsohon fetur da tiyo, har na haɗiyi rabi. Kafireto na kwance shi na wanke na mayar."

"Duka ka mayar?"

"Saura ƙusa biyu. Ƙari ne suka sa daga kamfani."

"Sai me?"

"Fetur ba ya zuwa. Yana cikin tanki, ina jin motsinsa, amma ba ya zuwa gaba."

"Ka shiga ƙarƙashinta ka duba?"

"Ubangida ba ya kwanciya a ƙasa."

"Ya gwada," in ji Aishatu daga bakin ƙofa. "Ta ƙafa muka jawo shi."

Zakariyya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya san abin da ke damun motar tun kafin Tijjani ya gama lissafi. A da, 'ya'yan Baba Idi maza, uban Tijjani ne kan gaba, sukan sace motar su tafi kallon ƙwallo. Sai tsohon ya sa wani ɗan ƙaramin famfo a jikin bututun fetur, can ƙarƙashi, bayan tayar hagu ta baya. In an rufe shi, ko duk Kaduna za ta tura motar ba za ta tashi ba. Da yake gwiwar Baba Idi ba ta lanƙwasuwa, jikansa ɗan mace shi ke rarrafawa ya buɗe da safe, ya rufe da yamma. Ranar da aka sayar da ita, Zakariyya ne ya nuna wa mai sayen. Mutumin ya rasu, ɗansa kaji kawai ya sani. Kuma mako uku da suka wuce Zakariyya ya zura hannu ya laluba, ya ji famfon a rufe, tsatsa ta cije shi.

"Na san ciwonta," in ji shi.

"Ƙarya kake."

"To." Ya miƙe, ya ɗauki akwati.

"Zauna. Wa ya sallame ka? Faɗi, in ji ko daidai ne da abin da nake zato."

"Me kake zato?"

"Faɗi naka tukuna."

"Ni bawa ne, ina ni ina koya wa ubangida?"

Tijjani ya gyara wuyan riga, ya dubi sama, ya dubi motar. "Na ba ka bindigar iskan. Da akwatinta, da ƙwayoyinta."

"In harbi me? Tankin ya riga ya mutu."

"Shadda yadi goma. Ka zaɓa da kanka, ba irin wadda nake ba ka da Sallah ba."

"Au, ashe ka san irin wadda kake ba ni."

"To na 'yanta ka. Aishatu shaida ce. Daga yau kai ɗa ne."

"Ka 'yanta ni bara, da na gyara maka janareto. Da ya tashi ka ce ba ka cikin hayyacinka."

"Me kake so, ɗan Gwaggo?"

Zakariyya ya dubi kujerar gaba. Ya ce, "Ni zan zauna a sitiyari. Kai za ka tura."

Aishatu ta jawo kujera ta zauna.

"Sake faɗa."

"Ka ji ni."

"Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa jin ɗan namiji ya tura wa ɗan mace mota ba. Ka tambayi malamai."

"Sai a fara a Abakpa."

"Bari in kira maƙwabta, su tura ka har Kawo in kana so."

"Ba maƙwabta. Kai kaɗai. Layinku gangare ne, na duba da na shigo."

"Ina da hawan jini."

"Likita ya ce ka riƙa motsa jiki. A gabana ya faɗa."

"Mutanen layin nan Alhaji suke ce min."

"Za su ce Alhaji ya iya turi."

"Tashi ka bar min gida."

Zakariyya ya ɗauki akwatinsa ya nufi ƙofa. Yana tafiya yana ƙirga takunsa, don ya san abin da yake riƙe da shi ba shi da nauyi. Duk bakaniken da ya kwanta ƙarƙashin motar nan, minti goma ya ishe shi ya ga famfon. In Tijjani ya rufe ƙofa ya kira wani a ɓoye, shi ke nan. Gobe zai shiga Majalisa yana danna ham, shi kuma Zakariyya ya tsaya a gefe da jan akwatinsa, yana tafi tare da mutane. Ya kai bakin ƙofa. Ya sa hannu a sakata. Bai ji an kira shi ba. Ya ɗan tsaya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

"Me yake gaya maka?"

Muryar Tijjani ce, amma ba irin ta ɗazu ba. Zakariyya ya juyo.

"Wa?"

"Baba. Kullum da safe. Kai kana ƙarƙashin mota, shi yana sunkuye a kanka, ina jin kuna ƙus-ƙus kuna dariya. Ni an ɗora ni a gaba kamar ƙullin kaya, an ce kada in taɓa komai. Shekara shida. Ko ham na taɓa sai ya buge min hannu. Kai kuwa ka fito da baƙin mai a goshi, ya share maka da hannun rigarsa."

Zakariyya ya saki sakatar. "Tsaya. Kishi kake da ni? Kai da ke kan kushin?"

"Wane kushin? Akwai wani ƙarfe a cikinsa da ke tsira min tun daga Hayin Banki har Rigachikun. Ina kallonka ta gilashi kana kwance kan buhu kana shan iska, kana cin gyaɗar mutane."

"Gwalo fa kake min."

"To me kake so in yi, in yi kuka?"

"Shi ya sa ka je ka ɗauke ta?"

"Na ce ko sau ɗaya in san wani abu a jikin motar nan da kai ba ka sani ba. Kwana tara ina shafa ta. Ko gaisuwata ba ta amsa ba."

Zakariyya ya dawo, ya ajiye akwatin kusa da tayar baya.

"Kana so ka ji abin da yake cewa?"

"Faɗi."

"Kullum magana ɗaya ce. Buɗe a hankali, kada maigidanka ya gani. Bakinsa ba ya riƙe komai, kafin azahar ubansa ya ji."

"Buɗe me?"

"Famfo. Saboda ubanka aka sa shi."

Tijjani ya yi tsaye baki buɗe. Sai cikinsa ya fara rawa tun kafin dariyar ta fito. "Wallahi da na faɗa. Alawa ɗaya babana yake ba ni in zayyana masa komai." Ya share ido. "Wato tsohon nan ya san ni."

"Gadon Gwaggonka ka yi."

"Kada ka zagi uwarka a gidana." Ya kama babbar rigar ta wuya ya cire, ya miƙa wa Aishatu tare da hula. Ya rage daga shi sai 'yar shara. "In kika gaya wa wani, na sake harbin tankin."

"Ba sai na faɗa ba, Alhaji. Layi za ku fita."

Zakariyya ya cire agogo, ya zaro sifana lamba goma da 'yar kwalbar man kashe tsatsa, ya kwanta rigingine ya ja jiki. Ƙasan motar ya matse fiye da yadda ya sani. Hannunsa ya tafi wurin da kansa, ba sai ya duba ba. Ya ɗiga man, ya jira, ya kama da sifana. Famfon ya ƙi. Ya sake ɗigawa.

"Ka mutu ne a ciki?" in ji Tijjani daga sama.

"Ina gaisawa da ita. Ta ce wani mai ƙiba ya dame ta."

A karo na uku famfon ya yi ƙara kaɗan, ya juya. Warin fetur ya sauko masa a fuska, irin na safiyar da, har ya ɗan rufe ido. Ya fito yana kakkaɓe baya, ya buɗe bonet, ya karɓi ƙusoshin nan biyu na ƙari ya mayar da su inda kamfani ya sa su tun farko, ya tsiyaya ɗan fetur a bakin kafireto. Aishatu ta wangale ƙofar gida.

Sannan ya buɗe ƙofar direba. Ya yi bisimilla, ya zauna.

Wani ƙarfe ya tsira masa ta cikin kushin, daidai inda ba a faɗa. Bai ko motsa fuska ba. Ya kama sitiyarin da hannu biyu, ya taka birki sau uku har ya kama, ya murɗa makulli, ya taka kuloci, ya jawo giyar da ke jikin sitiyari zuwa ta biyu, yadda ya ga Baba Idi na yi ta gilashin baya sau dubu.

Ta madubi ya hango Tijjani yana neman inda zai dafa. Ya ga hannayensa sun sauka kan fararen wuraren nan biyu. Da yake a tsayin yaro suke, sai da Alhaji ya sunkuya sosai.

"Bismillah, ranka ya daɗe."

"Rufe min baki."

Motar ta motsa, ta fita ƙofa, ta kama gangare. Mai shagon da ke kallon gidan ya fito da buhun sukari a hannu ya tsaya. Zakariyya ya saki kuloci. Ta yi tari biyu, ta girgiza, ta yi shiru.

"Ƙara ƙarfi. Ni ina ɗan shekara tara nake yin wannan."

"Lokacin ba kai ne a ciki ba," in ji Tijjani yana haki. "Nauyin bawa ne ya danne ta."

"Sannu, Alhaji," in ji mai shago.

"Motsa jiki nake. Likita ne ya ce."

Ya sake dafawa. Wannan karon Zakariyya ya bari ta yi gudu sosai, har ya ji takalman Tijjani na faɗuwa da sauri a baya, sannan ya saki. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta saki wata ƙara kamar an fasa buhun iska, baƙin hayaƙi ya turnuƙe farar 'yar sharar mai turi. Sai injin ya kama. Muryar nan ce, mai ɗan gurnani, ba ta sauya ba ko kaɗan.

"Tsaya in shigo!"

"In na tsaya mutuwa za ta yi. Ɗane baya."

"Baya?"

"An share wurin, kai ka faɗa."

Ya rage gudu iya yadda zai iya. Ta madubi ya ga Alhaji Tijjani mai yadi, ba hula, takalmi ɗaya, yana bin motar kakansa da gudu. Ya kama ƙofar baya, ya ɗora ciki, ciki ya yi sauran aikin. Motar ta ɗan duƙa, ta miƙe.

Sun wuce masallacin layin kafin Tijjani ya samu numfashi. Ya rarrafo ya manna fuska a gilashin baya, wanda rabinsa ya fashe tun zamanin kaji.

"Ina za ka kai ni a haka?"

"Hayin Banki. In nuna wa Inna abin da goronka ya saya."

"Ba ni da hula."

"Ni shekara shida ba ni da ita."

Tijjani ya zauna daɓas, ya jingina da ƙarfe, iska na kaɗa 'yar shararsa. Can sai Zakariyya ya ji yana dariya shi kaɗai, irin wadda ba ta tsayawa.

"Bawa."

"Na'am, ubangida."

"Nan baya akwai daɗi, munafuki. Makullin ya kwana a wurinka. Gobe kai za ka shiga da ita Majalisa. Amma za ka ce tawa ce."

"Zan ce taka ce. Su za su ga mai turawa."

"Na ji." Ya sake matso da baki jikin gilashin, idonsa na ƙyalli. "Ya kushin?"

Motar ta faɗa wani rami, ƙarfen ya sake samun Zakariyya daidai wurin ɗazu. Ya cije, ya gyara zama, ya ɗora gwiwar hannu a taga kamar Baba Idi.

"Kamar na jirgin sama," in ji shi.

Dariyar Tijjani ta fi ƙarar salansa.